Agogon da Na Haɗa wa Baba Ladan

Mahaifina malami ne a Birnin Kudu, kamar yadda nasa mahaifin ya kasance. Makarantar tana zauren gidanmu da rumfar da ke gabansa, ga ɗan masallaci a gefe. Yayyena maza duk sun zauna a kan karatu, ni ne na kauce. Na sauke Alƙur'ani, na taɓa littattafan fiƙihu na farko, amma tun ina ƙarami hankalina yana kan abin da ke cikin rediyo. Malam bai hana ni ba. Da na gama sakandare ya bar ni na je na karanta fasahar lantarki, na dawo da takardar shaida da wata tsohuwar laftof, na kama ɗan shago a bakin titi ina haɗa wa mutane wutar sola.

Abin da na fi so a duk karatun da na yi shi ne wata 'yar baƙar na'ura mai ƙafafu, wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Masu gyara suna kiran irinta aisi. Wannan ta bambanta da sauran domin ana rubuta mata umarni a kwamfuta a ɗura mata, ita kuma ta yi ta bi muddin akwai wuta. Hanya biyu ake rubuta mata umarnin. Akwai harshen Si, wanda ya ɗan yi kusa da maganar mutane, kana gama rubutu sai wata manhaja ta fassara shi zuwa abin da aisin ke ganewa. Akwai kuma asambili, inda kai da kanka za ka gaya mata kowane motsi: ɗauki wannan lamba, ajiye ta can, rage ɗaya, koma baya. Asambili yana da cin rai. Amfaninsa shi ne ka san bugu nawa kowane umarni yake ci, domin aisin tana tafiya ne da bugun wani ɗan kiristal mai kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa. Wanda ya iya ƙirga bugun nan zai iya gina daƙiƙa ɗaya cif, ba ƙari ba ragi. A ajinmu mu uku ne muka iya, kuma na yi alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

Shekarar da na dawo gida na haɗa wa masallacinmu agogo. Akwatin katako ne mai manyan jajayen lambobi, na ɗura masa jadawalin lokutan salla na shekara guda wanda Malam ya duba da kansa, na sa masa ƙararrawa mai kaɗawa idan lokaci ya shiga. Yawancin masu haɗa irin wannan agogo suna ƙara wata aisi ta daban wadda aikinta riƙe lokaci kawai. Ni ban sa ba, na ce zan ƙirga da kaina. Manhajar da nake aiki da ita tana barin mutum ya rubuta yawancin aikinsa da Si, sannan ya cusa ɗan yanki na asambili a tsakiya, a wurin da yake son ƙirgen ya zama daidai. Haka na yi. Na shafe mako uku a kan wannan ɗan yankin, na ƙara wata guda ina gwada agogon da rediyo kafin na kafa shi. Ya yi shekara biyu ba a taɓa saita shi ba. Baƙi idan sun zo wajen Malam sukan tsaya suna kallonsa, shi kuma ya ce, "Aikin ɗan autana ne," ya ci gaba da abin da yake yi.

Inna, mahaifiyata, 'yar wani ƙauye ce a Maruta, can ƙasar Gwaram. Ƙaninta, Kawu, manomi ne, yakan zo Birnin Kudu ranar kasuwa ya biyo ta gidanmu ya yi azahar. Wata rana bayan an sallame ya tsaya a gaban agogon ya daɗe.

"Wannan abin zai yi aiki inda babu wutar gwamnati?"

"Zai yi, Kawu. Ɗan faifan sola da batir sun ishe shi."

Sai ya ba ni labarin ladaninsu. Na san shi, domin lokacin da nake zuwa hutu wajen kakata muryarsa ce ke tashinmu. Kowa Baba Ladan yake ce masa. Ya fi shekara talatin yana kiran salla a masallacin ƙauyen. Azahar da la'asar da ƙafarsa yake auna inuwa, magariba kuma ya zagaya bayan masallaci ya tsaya yana duban yamma har rana ta nutse. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani.

"Sai dai ya riƙa tambayar masu wucewa ko rana ta faɗi," in ji Kawu. "Abin yana yi masa nauyi. Kunnensa kuwa garau. Idan akwai ƙararrawa irin wannan, ba sai ya tambayi kowa ba."

Na ce ya dawo bayan mako biyu ya tarar da shi.

Katako da lambobi da wayoyi ba su ba ni wahala ba. Matsalar ta taso ne ranar da na zo ɗura wa aisin umarni. Tsohuwar laftof ɗina ta mutu watanni kafin nan, na sayi wata na sauke mata sabon zubi na manhajar. Rubutun agogon farko yana nan a filashi, na buɗe shi na danna a fassara. Sai jajayen layuka suka cika allon. Duk ɓangaren Si ya wuce, yankin asambilin nan ne manhajar ta ƙi karɓa. Masu yin ta sun sauya ƙa'idar yadda ake cusa asambili, kuma ba su ɓoye ba, sun haɗo da takardar bayani mai shafi wajen arba'in. Na buɗe takardar na karanta shafi biyu na rufe. A makon na samu aikin haɗa sola a wasu rijiyoyin burtsatse a Kiyako, kullum da sassafe nake fita sai yamma lis nake dawowa, ga ranar kasuwa tana matsowa.

Sai na goge yankin asambilin, na sake rubuta shi da Si a cikin minti ashirin. Manhajar ta karɓa ba gardama. Tana da wata taga da ke nuna wa mutum umarnin da ta fitar bayan fassara, layi bayan layi, domin ya ƙirga bugun ya ga ko ya yi daidai da abin da yake nufi. Ban buɗe tagar ba. Na kunna agogon na ajiye wayata a gefensa na awa ɗaya, na ga suna tafiya tare, na ɗaure akwatin.

Na san awa ɗaya ba gwaji ba ne. Wancan wata guda na ba shi. Da rashin sani ne ya sa ni, da tuni na yafe wa kaina.

Ni na kai shi ƙauyen a bayan mashin, na kafa faifan a kan rufin kwano, na rataye akwatin a bangon gabas. Maɓallan saita lokaci a ciki na sa su, na rufe da kusoshi don kada a riƙa taɓawa. Baba Ladan ya zo yana dogara sanda, dogo siriri, ya kusanto da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce ja kawai yake gani. Muka jira la'asar tare. Da ƙararrawar ta kaɗa sai ya yi murmushi.

"Injiniya, in ta yi ƙara lokaci ya shiga ke nan?"

"Ya shiga, Baba. Kada ka yi shakka."

"Ba sai an riƙa gyara masa tafiya ba, kamar na hannu?"

"Ba sai an taɓa shi ba."

Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini addu'a mai tsawo, ya haɗa da Malam da kakana. Matarsa, wadda nake kira Iya, ta aiko mini da fura a ƙwarya da ƙullin gyaɗa na kai gida.

Bayan wata biyar azumi ya kama, ya faɗo a farkon damina. Rana ta uku ga wata, da hantsi, sai ga Kawu a zaurenmu da agogon a naɗe cikin buhu, shi da limamin ƙauyen. Malam ya sallami masu ɗaukar karatu, aka kira ni daga shago. Liman ne ya yi bayani.

Ranar ɗaya ga azumi, tun bayan la'asar hadari ya taso ya rufe sama gaba ɗaya, gari ya yi duhu. Baba Ladan ya yi alwala da wuri ya zauna kusa da lasifika yana jira. Can sai ya tashi ya kira magariba. Gari duka aka sha ruwa, masu kunu suka sha, masu dabino suka ci. Ana cikin haka hadarin ya ɗan ɗaga ta yamma, sai ga rana ja jawur tsaye a kan itatuwa, ba ta faɗi ba. Kowa ya gan ta, in ban da shi. Daga baya iska ta taso da ƙarfi ta fizge wayar faifan sola, ta jawo ta batir, agogon ya mutu. Da aka mayar da wayar washegari sai ya tashi da sifiri huɗu.

Malam ya ce ai hukuncin a fili yake, wanda ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi, sannan ta bayyana ba ta faɗi ba, ramuwar yini ɗaya ce a kansa, babu kaffara, babu zunubi. Liman ya ce shi ma haka ya gaya wa jama'a, ya zo ne a ƙarfafa masa.

"To shi Ladan me ya ce?" Malam ya tambaya.

"Cewa ya yi ya ji ƙararrawa," in ji Kawu. "Babu wanda ke cikin masallacin a lokacin sai shi. Wasu sun ce ƙila wayar wani ce ta yi ƙara a waje. Wasu kuma sun ce tsufa ne, ido ya tafi, kunne ma ya fara bi."

Malam ya juyo ya dube ni. "Agogon fa?"

Na ce, "Irin na masallacinmu ne, Malam. Shekara biyu ke nan bai taɓa kuskure ba."

Akwatin iri ɗaya ne, lambobin iri ɗaya, aisin iri ɗaya. Na zaɓi kalmomin da zan iya cewa ban yi ƙarya ba. Amma tun kafin na rufe baki jajayen layukan nan suka dawo mini. Malam ya gyaɗa kai, Liman ya gyaɗa kai, aka bar mini agogon na saita, aka shiga wata maganar.

Na kai shi shago na saita shi da wayata, na ajiye su tare. Bayan kwana biyu ya wuce wayar da daƙiƙa goma. Na buɗe tagar da ban buɗe ba a da, na ɗauki biro na ƙirga. Abin da manhajar ta fitar ya gaza nawa na hannu da 'yan bugu kaɗan a kowane zagaye, saboda haka daƙiƙar agogon ba ta cika. Daƙiƙa biyar a yini. A awa ɗaya ido ba zai gani ba. A wata biyar ya haura minti goma sha biyu. Na kuma gane dalilin da ya sa ba a lura ba tun da wuri: a sauran ranaku sai ƙararrawa ta kaɗa tukuna Baba Ladan yake tashi ya je ya yi alwala a hankali irin ta tsoho, ya lallaɓo ya kunna lasifika, wannan jinkirin ya rufe saurin agogon. Ranar azumi ce ya shirya tun kafin lokaci, don kada ya ja wa masu ƙishirwa jira.

Na koma kan takardar bayanin nan mai shafi arba'in. Na fara bayan azahar, kafin la'asar na gane sabuwar ƙa'idar, kafin a sha ruwa na mayar da yankin asambilin yadda yake, manhajar ta karɓa. Aikin da na guje wa bai kai yini ɗaya ba. Na bar agogon kwana goma a gefen waya, bai kauce ko daƙiƙa ɗaya ba.

Na mayar da shi ƙauyen ana saura kwana goma sha biyu salla. Na tarar wani ne yake kiran salla, surukin Liman, mutum mai matsakaicin shekaru da ke duba lokaci a wayarsa. Ba a tsige Baba Ladan ba. Shi ne ya je gidan Liman washegarin abin ya ce a nemi wani. Ina kan tsani ina ɗaure wayar faifan sai na ji ƙarar sandarsa. Ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai.

"Injiniya ne?"

"Ni ne, Baba. Ina wuni? Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. An gyara shi?"

"An gyara. Iska ce ta cire waya."

Ya murza kan sandar. Sannan a hankali, kamar ba da ni yake ba, ya ce, "Ni dai na ji ta yi ƙara."

Babu kowa a wurin sai mu biyu. Ko da na faɗa masa a lokacin, shi kaɗai zai ji. Na riƙe filaya a hannu na ce, "Allah ne masani, Baba."

"Haka ne," in ji shi. Ya juya ya tafi.

Ina so in ce abin ya hana ni sukuni, amma gaskiya ba kullum ba. Na yi salla da sabon ɗinki, na ci gaba da aikin rijiyoyi. Ina gaya wa kaina cewa an gama, jama'a za su rama yini ɗaya, agogo ya gyaru, tsoho kuma dama lokacin hutunsa ya yi. Har na kawo hujjar cewa idan na yi magana sunan Malam ne zai ɓaci, tun da saboda shi aka yarda da ni. Sai dai na daina zuwa sahun gaba a masallacinmu, domin agogon yana saitin wurin. Idan Kawu ya zo ranar kasuwa nakan sami aikin da zai kai ni wata unguwa.

Wata biyu sun kusa cika bayan salla, Inna ta je suna a ƙauyen ta kwana biyu. Da ta dawo ina zaune a tsakar gida ina cin ɗanwake, tana kwance kayanta tana ba matan gida labarin 'yan'uwa. A cikin labarin ne ta ce Baba Ladan ya rame har ba ta gane shi ba.

"Azumi yake yi. Tun kashegarin salla ya ɗauka, wata biyu a jere. Wai shi ya karya wa gari guda azumi, dole ya yi kaffara. Liman ya gaya masa babu komai a kansa, 'ya'yansa sun yi magana har sun gaji. Ya ce su ƙyale shi. Ran nan ma faɗuwa ya yi a bakin rijiya, sai ɗauko shi aka yi."

Na tambaye ta kwana nawa ya yi. Ta ce matarsa ta ce mata arba'in da tara.

Na ajiye kwanon na fita. Duk da haka sai da na ƙara kwana huɗu. Kowace safiya na ce yau zan faɗa, na je ƙofar zaure na tarar da mutane na wuce shago. A cikin kwana huɗun nan tsoho yana can bai ci ba bai sha ba daga alfijir zuwa faɗuwar rana, ni kuma ina cin abinci sau uku. A cikin duk abin da na yi, waɗannan kwanakin ne na fi jin kunyar tunawa.

Rana ta biyar na sami Malam shi kaɗai bayan karatun safe, yana gyara alƙalami. Na durƙusa na gaya masa komai daga farko. Na yi ƙoƙarin bayyana masa asambili da bugun kiristal, ya ɗaga hannu.

"Bar wannan. Ranar da na tambaye ka a gaban Liman, ka sani?"

"Ban tabbatar ba, amma na yi zargi."

"Bayan nan ka tabbatar?"

"Bayan kwana biyu."

Ya ajiye wuƙar da alƙalamin. Bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa.

"Kuskuren aiki kowa yana yi," ya ce. "Amma shaida aka nema a wurinka ka danne, kuma da bakina aka nema. Ni ba ka ci haƙƙina da yawa ba. Tashi ka tafi yanzu. Ba a ɗaki za ka faɗa ba, a inda aka zarge shi za ka faɗa."

Na ce ko zai rubuta wa Liman takarda na tafi da ita. Ya ce a'a.

Hanyar ta yi laka sosai, sau biyu ina sauka ina tura mashin. Gero ya yi kai, dawa ta fi tsayin mutum, mutane suna gona. Na isa bayan azahar na wuce gidan Baba Ladan kai tsaye. Yana kwance a kan tabarma a inuwar ɗaki, Iya tana gefe tana tsince wake. Da ya ji sallamata ya yunƙura ya zauna. Wuyansa ya zama kamar kara. Na zauna a ƙasa na faɗa masa: ƙararrawa ta kaɗa, ya ji daidai, agogon ne ya yi gaba da minti goma sha biyu, ni na jawo, kuma na sani tun kafin ranar da ya same ni a kan tsani.

Leɓensa yana motsi. Sai ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

"Alhamdu lillahi. Wallahi har na fara yarda da su. Nakan kwanta ina tambayar kaina, anya na ji kuwa? Abin da ya fi damuna ke nan, ba maganar mutane ba." Ya miƙo hannu yana laluben inda nake. "Na yafe maka, ɗan Malam. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na roƙe shi ya sha ruwa a ranar, tun da babu komai a kansa. Ya ce saura kwana shida, kuma ya riga ya yi niyya, ba zai yanke abin da ya ɗauka don Allah ba. Na ce to ni zan ɗauke masa. Ya yi 'yar dariya ya ce ba a yin haka.

Iya ba ta ɗago kai ba tun da na fara magana. Sai da na tashi zan fita ta ce, "Tsaya."

Na tsaya.

"Shi ya yafe, halinsa ke nan. Ni ce nake dafa abin sahur ina kallo ya kasa haɗiyewa. Ni ce na ji abin da mata suke faɗa a wajen niƙa. Ka ci furar gidan nan. Da ka zo gyara, ƙafa nawa ne daga masallaci zuwa nan?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Bayan an sallame la'asar na miƙe a gaban jama'a, Liman ya ba ni izini. Ba su fi mutum talatin ba, sauran suna gona. Na maimaita abin da na faɗa a gidan Baba Ladan. Da na gama sai wani dattijo ya ce, "To ai shi ke nan, na'ura ce ta yi kuskure. Kayan Bature dama haka yake." Na ga wasu suna gyaɗa kai, na ga ƙofar fita a buɗe, kuma raina ya so ya bi ta. Na ce a'a, na'ura abin da na gaya mata ta yi, ni ne ban duba aikina ba, kuma da na gano na yi shiru na bar Baba da zargi. Kawu yana sahu na biyu, ya sunkuyar da kai bai ɗago ba har aka watse. Shi ya kawo ni garin, shi ya yabe ni a gabansu.

Liman da surukinsa suka je gidan Baba Ladan a yammacin nan suka roƙe shi ya koma kan aikinsa. Ya gode musu, ya ce muryarsa ta yi rauni, numfashinsa ba ya kai ƙarshen kalma, a bar mai ƙarfi ya ci gaba. Ya cika kwana sittin ɗinsa. Ya ɗan murmure bayan girbi, yana fitowa masallaci ana riƙe masa hannu, amma bai sake kiran salla ba. Ya rasu da bazarar da ta biyo. Mutane sun ce tsufa ne, kuma ya tsufa ɗin. Ban san abin da wata biyun nan suka rage masa ba, babu kuma wanda zan tambaya.

Na je jana'iza tare da Malam. A hanyar dawowa yana bayana a kan mashin, ba mu yi magana ba har muka shigo gari. Bai sake tayar da zancen ba har yau, ni ma ban tayar ba.

Iya tana nan da ranta, a gidan babban ɗanta. Duk lokacin da aiki ya kai ni wajen Gwaram nakan ratse na gaishe ta. Shekaru tana amsa sallama da gaisuwa daidai yadda aka yi mata, ba ta ƙara ko kalma, ba ta cewa na zauna. Idan na kai mata sabulu ko sukari sai ta ce a ajiye can, daga baya na ji ta rabar. Zuwan da na yi bayan girbin bara na tarar da ita tana zazzaɓi, na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata sannu. Ta amsa, sannan ta tambaye ni jikin Inna, ta ce ta ji ƙafa tana damunta. Na ce da sauƙi. Ta ce na gaishe ta, ta juya fuskarta bango.